Katako, Ƙarfe da Saiti: Darasi Daga Bindigar Farauta

A Amurka da Turai, inda doka ta tsara farauta, maharbi kan kai bindigarsa wurin maƙeri domin ayyuka biyu: a sanya mata gidan harsashi mai cirewa, sannan a gyara zaman ƙarfenta a cikin ƙotar katako. Ba koyar da ƙira za mu yi a nan ba, domin a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kimiyyar da ke cikin aikin, wadda galibinta ɗalibin sakandare ya riga ya gamu da ita a aji.

Gidan harsashi wani ɗan akwati ne mai sifirin a ƙasa, wanda ke turo harsasai sama ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1879 ne James Paris Lee ya yi rajistar irin wanda ake cirewa, kuma sojan Ingila suka karɓe shi a bindigar Lee-Metford a 1888. Ita kuwa Mauser ta Jamus, ƙirar 1898, nata gidan a gine yake cikin jikinta, yana ɗaukar harsashi 5, kuma bindigogin farauta da yawa tsarinta suka bi. Amfanin mai cirewa ga maharbi shi ne yana iya zare harsasai gaba ɗaya kafin ya shiga mota ko ya tsallake shinge, sai dai ya duba kada wani ya saura a cikin bututu.

To, amma wannan canji yana taɓa wani wuri mai muhimmanci. Ƙarfen bindiga da ƙotarta notuna ne suke riƙe da su, yawanci guda biyu, kuma ta cikin farantin ƙasa suke ratsawa, wato inda gidan harsashi yake. Idan aka canja farantin, aka ɗan sassaƙe katako, zaman ƙarfen ya canja ke nan. A nan ne aiki na biyu yake shigowa.

Bari mu ga abin da ke faruwa a lokacin harbi. Harsashi mai nauyin giram 10 yana iya fita da gudun mita 800 a daƙiƙa ɗaya. Bisa dokar Newton ta uku, bindiga mai nauyin kilogiram 4 za ta koma baya da gudun mita 2 a daƙiƙa, ban da ƙarin da iskar albarushi ke jawowa. Wannan naushi ta jikin katako yake bi kafin ya isa kafaɗar maharbi. Haka kuma bututun kansa yana kaɗawa. Ɗalibi ya danne ƙarshen rula a gefen tebur, ya ja ɗaya ƙarshen ya saki, zai ga irin wannan kaɗawa da idonsa. Ya sassauta dannewar, ya sake gwadawa: sauti ya canja, kaɗawar ma ta canja. Harsashi yana barin bututu cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, a daidai lokacin da bakin bututun ke cikin motsi. Ba a iya hana wannan motsi, kuma ba lallai ba ne a hana shi. Abin da ake nema shi ne ya zama iri ɗaya a kowane harbi, domin kuskuren da ba ya canjawa ana iya gyara shi da saiti.

Katako kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Kowa ya san yadda ƙyauren ɗaki ke ƙin rufuwa a watan Agusta, sa'an nan ya yi sako-sako da hunturu. Dalili shi ne katako yana shan laimar iska ya kumbura, ya kuma tsuke idan iska ta bushe, kuma ta faɗinsa yake yin haka, tsawonsa kusan ba ya motsi. Ƙotar bindiga ba ta tsira daga wannan ba. Idan ta kumbura sai ta tokari bututu ta gefe ɗaya. Idan ta tsuke sai notuna su sassauta.

Mai karatu zai ce ai motsin kaɗan ne. Mu yi lissafi. A ce tsawon bututu santimita 60 ne, katako ya karkatar da shi har bakinsa ya kauce da rabin milimita. Rabin milimita cikin milimita 600 shi ne 1 bisa 1200. A nisan mita 100, harsashi zai kauce da fiye da santimita 8. A mita 300, santimita 25. Wannan ya isa ya sa harbin da aka nufi ƙirjin barewa da shi ya faɗa cikinta, ta gudu da rauni ta mutu a wahale bayan kwanaki. A ganina wannan ne babban dalilin aikin, ba burgewa a filin gasa ba.

Maganin da aka samo shi ne a yi wa ƙarfen shimfiɗa da danƙon ifokzi, dangin Araldite da muka sani a kasuwa. Danƙon yana ɗaukar siffar ƙarfen daidai, ba ya tsukewa sosai idan ya daskare, kuma laima ba ta dame shi kamar katako ba. Sau da yawa akan ƙara 'yan bututun ƙarfe ko alminiyam inda notuna ke ratsawa, don kada ɗauri ya murƙushe katakon. Su ne kuma ke tsayar da tazara tsakanin gidan harsashi da sakatar bindiga, domin idan gidan ya yi ƙasa sakata za ta wuce ta bar harsashi, idan ya yi sama ta riƙa gogarsa. Shi kuwa bututu akan bar masa sarari, har takarda ta iya wucewa tsakaninsa da katako.

Malami na iya gwada wannan ba tare da bindiga ba. A sami guntun katako maras fenti, a auna faɗinsa, tsawonsa da nauyinsa a watan Janairu, a ajiye shi cikin aji, a sake aunawa a Agusta, ɗalibai su lissafa kashi nawa cikin ɗari kowanne ya ƙaru.