Zaƙami: Magani Ne Ko Dafi?

Karatu: II Sarakuna 4:38-41

A zamanin yunwa a Gilgal, wani mutum ya tsinko 'ya'yan wani tsiro a jeji, ya yanyanka su cikin tukunyar miya. Nufinsa alheri ne, amma bai san abin da ya tsinko ba. Da ba domin Allah ya taimake su ta hannun Elisha ba, da an yi makoki ran nan.

'Yan'uwa, mu ma muna da irin wannan tsiro a bakin jujinmu, watau zaƙami, wanda waɗansu ke kira haukata-yaro. Furensa kamar kakaki, 'ya'yansa da ƙaya. Masu fuka sukan shaƙi hayaƙin ganyensa, samari kuwa sukan zuba ƙwayoyinsa cikin kunu ran biki.

Masana sun sami abubuwa uku masu ƙarfi a cikinsa: atirofin, da hayosiyamin, da sikofolamin. Suna cikin saiwa da ganye da fure, balle ƙwayoyin. Su ke buɗe hanyar numfashi, shi ya sa mai fuka ke jin sauƙi. Likitoci ma sukan ɗiga atirofin a ido, amma sai sun auna shi sarai. Mu fa, da me za mu auna? Gama ƙarfin wannan gindi dabam ne da na wancan. Awon da ya bar wani da rai jiya, yau sai ya kashe wani.

Ga alamun wanda ya sha: baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta yi ta bugawa, fitsari ya tsaya, ya riƙa sambatu yana ganin abin da babu. Kada mu ce aljanu ne. Kada a ɗaure shi, kada a tilasta masa amai. A kai shi asibiti maza, tare da reshen tsiron. Akwai makarinsa, fisostigmin, wanda aka fara fitarwa daga waken Kalaba a 1864. Shi ma dafi ne, sai a hannun likita.

Jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kada mu yi caca da shi.

Tambayoyi:
1. Don me ba za mu iya auna zaƙami a gida ba?
2. Akwai shi kusa da inda yaranmu ke wasa? Wa zai tumɓuke shi makon nan?