Wa Ke Da Iko Da Jinin Da Aka Ɗiba Don Bincike?

Idan mutumin Hammadu Kafi ya je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe aka ɗebi jininsa don a gano ciwonsa, wannan magani ne. Amma idan masana suka nemi ajiye jinin, ko wani yanki na naman jikinsa, don su yi nazari, wannan bincike ne, kuma yana da dokokinsa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a cire jini ko nama daga jikin mai rai ba da yardarsa ba, sai a halin gaggawa na ceton rai. Ta kuma hana sayar da su. Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007 sun ce ba a fitar da abin da aka ɗiba zuwa ƙasashen waje sai da rubutacciyar yarjejeniya.

Dalilin wannan tsanani sananne ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano kan dala miliyan 75.

To, bayan an ɗiba fa? A 1990 Kotun Ƙoli ta Jihar Kalifoniya a Amurka ta yanke cewa John Moore ba shi da haƙƙin mallakar saifarsa da aka cire aka yi bincike da ita, amma wajibi ne likitansa ya sanar da shi tun farko. Ke nan ƙarfin mai bayarwa yana kafin ya sa hannu.

Saboda haka kowane ɗan ƙasa ya tambayi waɗannan abubuwa:

1. Wane bincike za a yi, kuma har yaushe za a ajiye abin da aka ɗiba?
2. Za a kai shi waje?
3. Za a ɓoye sunan mai shi?
4. In ya janye, za a lalatar da shi?

Wanda bai iya karatu ba ya nemi a karanta masa takardar da Hausa gaban shaida. Wanda ya ƙi yarda ba za a hana shi magani ba.