Yadda Ake Haɗa Shafi da Shafi a Wikipedia ta Hausa

Darasinmu na wannan mako a filin kwamfuta shi ne yadda ake tsara rubutu a Wikipedia, da yadda ake sa shafi ya miƙa mai karatu ga wani shafi.

Duk mun san irin wannan a littattafanmu. Kana karanta littafin kimiyya sai ka ga an ce "duba shafi na 40". Matsalar ita ce, in aka sake buga littafin aka ƙara shafi biyu a farkonsa, abin da ke shafi na 40 ya koma na 42. Dole wani ya zauna ya bi littafin kaf yana gyara lambobin, in kuwa ya tsallake ɗaya, mai karatu ya ɓata. A kwamfuta an sauƙaƙe wannan. Ba lambar shafi ake kira ba, sunansa ake kira. Wannan abin da ake latsawa ya kai ka wani shafi shi ake ce wa mahaɗa.

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma akwai ta da Hausa. Kalmar "wiki" daga harshen mutanen tsibirin Hawaii ta fito, ma'anarta sauri. Manhajar da ke tafiyar da ita sunanta MediaWiki. In ka latsa wurin gyara, za ka ga rubutun da alamomi a jikinsa, waɗanda mai karatu ba ya gani. Da su manhajar ke gane mene ne kan magana, mene ne mahaɗa.

A ce kana rubutu a kan garinmu. In kana son kan sashe, sai ka sa alamar daidai ta lissafi guda biyu a kowane gefe, kamar haka: == Kasuwa ==. In ƙaramin sashe ne a ƙarƙashinsa, uku-uku za ka sa: === Kara ===. Amfanin wannan ya wuce ado. Da waɗannan kawunan manhajar ke haɗa jerin abin da ke cikin shafin da kanta, ba sai kai ka rubuta ba. Wanda ya yi wa kalmar kauri kawai bai yi kan sashe ba, don manhajar ba za ta ƙirga shi ba.

Mahaɗa kuwa da baka mai kusurwa ake yin ta, biyu a farko biyu a ƙarshe. Misali: Maigatari na cikin masarautar [[Gumel]], tare da [[Gagarawa]] da [[Sule Tankarkar]]. In ka adana, sunayen za su fito da shuɗi matuƙar akwai shafukansu. In babu shafin, ja za su fito. Jar mahaɗa ba laifi ba ce, tana nuna wurin da ake jiran wani ya zo ya rubuta.

Sai dai a nan ne aikin yake, domin kwamfuta ba ta san "ai ka gane abin da nake nufi" ba. In ka rubuta [[Sule tankarkar]] da ƙaramin t, a wurinta wani suna ne daban, harafin farko kaɗai take yi wa afuwa. Haruffanmu masu lanƙwasa ma haka ne. Mu mun san baki daban, baƙi daban, ita ma ta sani, har ta fi mu tsanani. Wanda wayarsa ba ta da ƙ da ɗ da ɓ yana iya tura mai karatu wurin da bai yi niyya ba. Ku dubi Haɗeja kawai: wani ya rubuta Hadejia, wani Haɗeja, wani Haɗejiya. Gari ɗaya, rubutu uku. Maganin da aka yi wa wannan shi ne shafin turawa, wato shafin da ba komai a cikinsa sai umarni cewa duk wanda ya zo nan a wuce da shi can.

Akwai kuma suna ɗaya mai ma'ana biyu. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma babban birninta Dutse. To amma dutse ai shi ne kuma wanda ake fasawa a yi gini, ga shi akwai wata Dutsen a Abuja. Mahaɗa tana iya fitowa shuɗiya shar amma ta kai mutum inda ba a nufa ba. A ganina wannan ta fi jar mahaɗa haɗari, don ita ja kowa na ganinta. Shi ya sa bayan ka sa mahaɗa, ka latsa ta da kanka ka ga inda ta sauke ka.

Wani lokaci sunan shafin ba ya shiga jimla da kyau. Sai ka sa tsayayyen layi a tsakiya: [[Nijar|maƙwabciyarmu ta arewa]]. Na hagu shi ne inda za a je, na dama shi ne abin da mai karatu zai gani.

Ana ma iya nuna sashe guda a cikin shafi, kamar [[Maigatari#Kasuwa]]. Wannan zai kai mutum daidai wurin da aka yi bayanin kasuwarmu ta ranar Alhamis, ba sai ya yi ta lalube ba. Amma a ce gobe wani ya ga kan bai yi masa ba, ya mayar da shi "Kasuwar Dabbobi". Mahaɗar ba za ta yi ja ba, ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ta riƙa sauke mutane a saman shafin. In an sauya sunan shafi sukutum, manhajar kan bar shafin turawa a tsohon sunan. Ga kan sashe kuwa ba ta yin haka. Saboda haka kafin ka taɓa kan sashe, duba jerin shafukan da ke nuno wannan shafin, akwai wurin ganinsu a cikin kayan aikin.

A ƙasan shafi akan sa "Duba kuma" don shafuka masu alaƙa, sannan "Manazarta" don nuna inda aka samo bayani. Wannan na biyun ya shafe mu 'yan kulob sosai. In ka rubuta yawan shanun da ake sayarwa a kasuwar Maigatari ba tare da littafi ko jaridar da ta faɗa ba, wani zai iya gogewa, kuma yana da gaskiya. "Na ji a bakin kasuwa" ba ya shiga can. Ɗalibi a Damagaram ko Legas da bai taɓa zuwa garinmu ba, abin da ya tarar a shafin shi zai kwafa a aikin gidansa.

Mai son gwadawa ya fara a shafin gwaji na asusunsa, ya kuma duba yadda rubutun zai fito kafin ya adana. Duk gyaran da aka yi yana nan a tarihin shafin da ranarsa da lokacinsa, ana iya mayar da shi yadda yake. Wanda zai ari wayar gida kuma, ya fara rubuta jimlolinsa da alamominsu a takarda kafin ya kunna data.