Darasi Na Sha Huɗu: Tsiron Ifedira Da Rage Ƙiba

A. Karatu

Ifedira wani ɗan tsiro ne mai siraran rassa, wanda yake fitowa a busassun wurare na arewacin ƙasar Sin. Tun zamanin da, Sinawa suke dafa rassansa su sha domin maganin tari da mura da asma. A shekarar 1885 wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarin da ke cikin tsiron, wato ifedirin.

Wannan sinadari yana zaburar da jiki. Yana buɗe hanyoyin numfashi, yana rage jin yunwa, yana kuma sa jiki ya ƙone kitse da ɗan sauri. Ganin haka, sai kamfanoni a Amurka suka shiga yin ƙwayoyin rage ƙiba da shi. Sukan haɗa shi da kafin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da gahawa. Jama'a suka yi ta saye, a zatonsu abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa.

Ashe ba haka abin yake ba. Ifedirin yana sa zuciya ta buga da sauri, yana kuma jawo hawan jini. Wasu suka kamu da ciwon zuciya, wasu ɓarin jikinsu ya shanye. A watan Fabrairu na 2003, wani ɗan wasa mai suna Steve Bechler ya faɗi a wurin atisaye, washegari ya rasu yana da shekara 23. Binciken likita ya nuna ƙwayar tana cikin abubuwan da suka jawo ajalinsa. A 2004 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da irin waɗannan ƙwayoyi.

Saboda haka, kada garin neman gira a rasa ido. Mai son rage ƙiba ya kula da cimarsa, ya riƙa motsa jiki, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya sha kowace ƙwaya.

B. Sababbin Kalmomi

tace: ware abu daga cikin wani abu
zaburar: sa kuzari nan take
cima: abincin da mutum ya saba ci
haramta: hana bisa doka

C. Tambayoyi

1. A ina ifedira yake fitowa?
2. Me Sinawa suke yi da shi?
3. Kawo illoli biyu na ifedirin.
4. Me ya faru a shekarar 2004?
5. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin sakin layi na ƙarshe.