Kafin ka ƙara sayen mega, dubi harafin da ke saman wayarka

Ƙanena, in kana Ollelewa ko Bakin Birji kana kukan intanet ba ya tafiya, dakata da zuba kuɗi a mega. Ga abin da za ka yi gobe da safe.

1. Dubi harafin da ke gefen sandunan rezo. Sanduna ƙarfin rezo kawai suke nunawa, gudun kuwa harafin ne ke faɗinsa. G ko E, 2G ke nan. H ko H+, 3G ne. LTE kuma 4G. Ko sanduna sun cika, in E ce a gefe, bidiyo zai yi ta juyi.

2. Riƙe wannan lissafi. Ɗauki bidiyo mai mega 10. A kan E, in ka samu kilobit 200 a daƙiƙa, sai ka jira kusan minti 7. A 3G mai ba da megabit 3, bai kai rabin minti ba. A 4G mai megabit 20, daƙiƙa 4. Megan da za a cire maka ɗaya ne a duka ukun. Sai dai ka kula: da rezo ya yi sauri, YouTube da Facebook kan ƙara wa bidiyo kyau da kansu, mega ta tafi ba sallama. Rage ingancin da hannunka.

3. Nemi wurin tsayawa. 2G ya fi kai wa nesa, domin galibi yana kan zangon megahaz 900, mai dogon tafiya. 3G na kan 2100 kuwa da wuri yake gajiya. Shi ya sa in ka bar titin Damagaram zuwa Tanut ka nausa ƙauye, waya takan koma E. Kaurin bangon ƙasa da rufin kwano ma suna cin rezo. Fita tsakar gida, hau tudu, ko ka ajiye wayar a taga mai kallon eriya.

4. Zaɓi lokaci. Eriya kamar rijiya ce, in masu guga sun yi yawa kowa kaɗan yake samu. Ranar kasuwa da bayan isha'i, 4G ɗin ma rarrafe yake. Manyan abubuwa, ka sauke su bayan asuba.

5. Gwada layi biyu a ƙofar gidanka, kada ka bi talla. Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom ba wuri ɗaya suka kafa eriyoyinsu ba, don haka wanda ya yi wa abokinka daɗi kusa da matatar SORAZ ba lalle ya yi maka a gona ba. Sayi ƙaramar mega ta yini ɗaya a kowanne, ka sauke bidiyo guda da safe, ka maimaita da dare. Wanda ya ci, shi za ka saya wa ta wata.

6. In rezo na ta tsalle tsakanin H da 4G, shiga saitin waya ka tsayar da shi a 3G. Batir ma zai huta. Amma kada ka kulle shi a 4G kaɗai, don a wayoyi da yawa kira ba zai shigo ba.

7. Waya mai 4G da tsohon sim ba za su ba ka 4G ba. Je ofishin kamfanin da katin shaidarka a canza maka, lambarka tana nan yadda take. In kuwa kira da tura kuɗi ta lambobin tauraro ne aikinka, 2G ya ishe ka, bar kuɗin sabuwar waya a aljihu.