Hancin Mahaifina Ya Ƙi Warkewa, Ga Shi Da Ciwon Suga

 Likita, daga Mahuta nake rubuto maka, a ƙaramar hukumar Fakai. Mahaifina yana da ciwon suga, kuma ya daɗe da barin maganin asibiti. Tun bayan casar dawa hancinsa na hagu ya toshe, sai majina mai wari, wani lokaci da jini. Mun sayo masa kafso a kemis, har da sha-ka-fashe don ya riƙa cin abinci, amma shiru. Yanzu kuncinsa ya kumbura har ƙasan ido, da na haska tocila sai na ga wani baƙin ɓawo a ciki. Wasu sun ce tsutsa ce, a nemo masa garin shaƙe. Ina mafita?

'Yarsa, daga Mahuta

'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ku kai shi asibiti yau, kada a kwana.

Baƙin ɓawon nan shi ya tayar mini da hankali. Idan suga ya hau babu magani, garkuwar jiki takan yi rauni, sai fumfunar da kowa ke shaƙa a ƙurar rumbu da masussuka ta samu wurin zama a kogunan hanci. Takan toshe jijiyoyin jini, naman wurin ya mutu ya yi baƙi, daga nan ta nufi ido da ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. Likitoci na kiranta mukomaikosis. A 2021, lokacin korona, ta kama mutum fiye da 40,000 a Indiya, yawancinsu masu suga da aka bai wa magunguna irin su deksametason. Sau da yawa deksametason ɗin ne ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe, yana ƙara suga, yana danne garkuwa. Kada ku yanke masa shi farat ɗaya, ku tafi da kwalin likita ya gani.

Batun tsutsa ba tatsuniya ba ce. Ƙuda kan yi ƙwai a hanci mai gyambo, matsattsaku ma kan maƙale wa mai shan ruwan rafi. Akwai kuma amiba ta cikin ruwa da ƙasa, akantamiba, wadda ba kasafai ake ganinta ba sai a masu raunin garkuwa. Ita sai an haɗa magunguna da dama, ciki har da miltefosin. Ido ba ya bambance su. Sai an leƙa da na'ura, an yi hoton kai, an ciri ɗan nama an auna. Garin shaƙe ɓata lokaci zai yi, lokacin kuwa shi ne ba ku da shi.

Ku fara da babban asibitin Zuru a auna sugansa a fara saukar da shi, ku roƙi takardar turawa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Idan fumfuna ce, za a yi tiyata a kwashe mataccen naman, sannan a ba shi amfoterisin B ta jijiya na makonni, ana lura da ƙodarsa. Akwai kashe kuɗi, don haka ki tara 'yan'uwa tun yanzu. In an nemi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, ku yarda, ana yi wa duk mai irin wannan ciwo.

Kafin nan, ya riƙa alwala da ruwan da aka tafasa ya huce. In shaƙa ruwa na sa shi zafi ko jini ya bari, a mazhabar Malikiyya sunna ce, alwalarsa ta inganta.