Shawara Kan Buɗe Bakin Yara

Duk wanda ya lura da yaran ƙauyukan Dambatta da Bichi da Minjibir, inda gona take manne da gona, kuma mai kira daga wannan gida ana jinsa a wancan, lalle ya ga yadda yaron da yake zuba zance a dandali, da zarar malami ya jefa masa tambaya a aji, sai ya sunkuyar da kai, saboda tun yana ƙarami an nuna masa shiru gaban babba shi ne ladabi.

Shawarata ga malamai ita ce su fara daga abin da ɗalibi ya riga ya mallaka. A sa shi ya bayyana daki-daki yadda ake sassabe da shuka, da noman firi da maimai, har zuwa girbi da sussuka da shiƙa, domin a nan ne kalmominsa suke da yalwa, kuma wanda ya iya jera wannan bayani da Hausa bisa tsari, jera shi da Turanci ko Larabci ba zai gagare shi ba in lokaci ya yi. A karanta wa ɗalibai hikaya daga Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, sa'an nan ɗaya ya tashi ya maimaita hikayar da bakinsa, kada a katse shi, gyaran lafazi ya jira sai ya kammala.

Iyaye kuwa, in kaka ta gama tatsuniya bayan sallar isha'i, a ce jika ma ya kawo tasa, in kuma an aike shi kasuwa, a tambaye shi yadda cinikin ya kaya.